Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Jigawa Kan Shirya Ma'aikatan Karkara Don Kula Da Masu Larurar Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwar ban girma gare ka da sauran shugabannin da ke riƙe da harkar lafiya a matakin farko a jiharmu, muna roƙon Allah ya yi riƙo da hannayenku, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke wuyanku.

Ni malamin asibiti ne a wani ƙaramin asibitin mazaɓa da ke ƙasar Haɗeja. Na rubuto wannan wasiƙa da yawun abokan aikina na karkara: jami'an lafiyar al'umma, ungozomomi, nas-nas, masu ba da magani, masu yankar kati, da matan sa-kai da ke shiga gida-gida. Mu ne mutanen ƙauye ke kira da suna likita, kuma ƙofarmu ake fara bugawa in ciwo ya tashi, ko da tsakar dare ne.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne maganar masu larurar ƙwaƙwalwa. Tun 1991 Najeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan da ƙananan asibitoci za su riƙa yi. A watan Janairun 2023 kuma shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Mun yi murna da haka, domin mun san likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. In ana jiran su zo Guri ko Birniwa ko Kirikasamma su zauna, to za a daɗe ana jira. Aikin namu ne, ba ma gudunsa. Kukanmu shi ne an ɗora mana shi ba a shirya mu ba, kuma ɗan shirin da akan yi, mutum ɗaya ake yi wa, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bari mu fara da yadda masu wannan larura ke zuwa mana, domin nan ne tushen matsalar. Ba wanda ke yankar kati ya ce yana fama da ciwon damuwa. Abin da muke ji shi ne, "Malam, tsakiyar kaina ke zafi." "Wani abu ne ke min yawo a jiki." "Gabana ke yawan faɗuwa, ba na barci." "Jikina duk ya mutu." Ma'aikacin da aka koya wa neman zazzaɓin cizon sauro da taifot, su zai nema. A yi gwaji, a ba da maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, in 'yan uwa suka matsa a ɗaura ruwa. Bayan mako biyu mutum ya dawo da kukan da ya zo da shi. Magidanci ya sayar da akuya, ya sayar da buhun gero, ana ta maganin cutar da ba ita ke damun iyalinsa ba. Daga baya a yanke ƙauna da asibiti, a ce ciwon ba na asibiti ba ne.

Mata masu ciki da masu jego su suka fi tsaya mana a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin 5 na samun larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa. Ranar awo benci cike yake da mata, muna auna hawan jini, mu auna ciki, mu duba ƙafa ko ta kumbura, amma babu layi ko ɗaya a katin da ke tuna mana mu tambayi mace yadda zuciyarta take. Wata ungozoma abokiyar aikinmu ta ba mu labarin wata yarinya mai haihuwar fari. Mai rigakafi ya ga nauyin jaririn ba ya ƙaruwa. Mai kati ya lura ba ta magana, uwar mijinta ke amsa mata kowace tambaya. Matar sa-kai da ke unguwarsu ta san ta daina shiga mutane, ko suna ba ta zuwa. A gida kuwa ana ta yi mata faɗa wai son jiki ne da shagwaɓa. Kowa ya ga nasa ɓangaren, amma ba wanda aka taɓa koya wa cewa waɗannan alamu na cuta ɗaya ne, kuma ba wani zama da suke yi da zai sa su haɗa abin da suka gani. Ba a farga ba sai da aka kawo ta rai a hannun Allah, ta sha fiya-fiya. Allah ya yi da sauran kwananta. Ranka ya daɗe, waɗannan ma'aikata ba sakaci suka yi ba. Abin da aka koya musu suka yi, kuma sun yi shi daidai.

Wannan ya kawo mu ga kuka na biyu, wato irin bitar da akan shirya. Yawanci wata ƙungiya ce za ta zo da kuɗinta, a ce kowane asibiti ya turo mutum ɗaya. A tara su a otal a birni na 'yan kwanaki, a yi ta nuna musu rubutu da Turanci a bango, a raba takardar shaida da alawus, a watse. Wanda ya je ya dawo da littafi, ya sa a durowa. Daga ranar duk wanda ya zo da alamar taɓin hankali sai a ce a jira wane, shi ne ya je bitar. In ya tafi hutu, aikin ya tafi hutu. In aka yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan an koma gidan jiya. Sannan su wa aka bari a baya? Mai gadi, wanda shi ke fara tarar mutumin da aka kawo ɗaure da igiya, kuma shi zai kore su ko ya kwantar musu da hankali. Mai kati, wanda in ya ɗaga murya ya ce "mahaukacin nan ne ya dawo," iyalin ba za su sake taka asibitin ba. Mai ba da magani, wanda ya kamata ya gaya wa mutum cewa maganin damuwa ba ya nuna aikinsa sai bayan makonni, kada ya yar da shi a kwana na uku.

Ba wani sabon abu muke nema a ƙirƙiro mana ba. An gwada wannan aiki a wurare da dama an ga amfaninsa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP na faɗaɗa kula da masu larurar ƙwaƙwalwa, a 2010 ta fitar da littafin jagorarsa, wanda aka rubuta musamman domin ma'aikata irinmu da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun daidaita shi da yanayin Najeriya, suka gwada shi a ƙananan asibitocin jihar Osun. A Pakistan, matan da ke aikin lafiya gida-gida aka koya wa zama da masu ciki da masu jego suna tattaunawa da su bisa tsari, kuma binciken da aka buga a 2008 ya nuna damuwar matan ta ragu ƙwarai. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin su duka, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kwantar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne rabon aiki da bibiya. Akwai wanda ke duba mara lafiya ya gano cutar ya fara magani. Akwai wanda aka ɗora wa bin sawu: shi ke riƙe da rajistar masu larurar, ya san wanda ya kamata ya dawo ranar kasuwa bai dawo ba, ya kira waya ko ya aika a duba shi. Akwai ƙwararre a sama, wanda ba sai ya ga kowa da idonsa ba, sai dai ya zauna da ma'aikatan su bi rajistar suna bayan suna, ya ce wannan a ƙara masa magani, wannan a canza, wannan a turo min shi. Kuma ana auna sauƙi kamar yadda ake auna hawan jini. Akwai takardar tambayoyi 9 ta auna ciwon damuwa da ake kira PHQ-9, wadda in an yi wa mutum yau, aka sake yi masa bayan wata guda, za a ga ko ana ci gaba ko ana tsaye. Mun saba da irin wannan tsari a aikin tarin fuka da na rigakafi da na tamowa. Wanda ya iya bin yaron da ya tsallake allurar ƙyanda har gidansu, zai iya bin mai farfaɗiyar da maganinsa ya ƙare.

Kuka na uku shi ne rashin wanda za mu tambaya, da kuma yadda turawa asibitin gaba ke zama rabuwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na jiharmu yana Kazaure. Daga gabashin jihar zuwa can, tafiya ce daga wannan kusurwa zuwa waccan. In ba can ba, sai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mai taɓin hankalin da ke fizge-fizge ba ya shiga motar haya, sai an ɗauki shata, sai ƙarti biyu ko uku sun bar gona sun raka shi. Da yawa in muka rubuta musu takardar turawa, sai su karɓa su yi godiya su wuce gida. Waɗanda suka daure suka je kuma, sukan dawo ba tare da wata takarda da za ta gaya mana abin da aka gano da abin da aka ba su ba.

Na ga illar wannan da idona. Wani saurayi da muka tura wani babban asibiti ya dawo da ƙwayoyi a ƙulle a leda, ya fara samun sauƙi, har ya koma taya mahaifinsa aiki. Kwatsam wuyansa ya murɗe, harshe ya fito, idanu suka kafe sama. Wannan sananniyar illa ce ta wasu magungunan taɓin hankali irin su halofaridol, kuma akwai maganin da ke warware ta cikin ɗan lokaci. Amma ba wanda ya gargaɗi iyayensa. Suka ce mutanen ɓoye ne suka fusata da maganin asibiti, suka zubar da shi. Sai bayan watanni labari ya iso mana, lokacin yaron na cikin mari a wani ɗaki a bayan gida. Da akwai takarda ɗaya daga can zuwa gare mu, da lambar waya ɗaya da za mu kira, da mai bin sawu ɗaya da zai leƙa gidan, da ƙafar yaron nan ba ta ga ƙarfe ba.

Sai maganar magani, wadda ba ta buƙatar dogon bayani. Amitiriftilin, fuloksetin, halofaridol, kabamazafin, finobabiton, duk tsofaffin magungunan damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya ne masu araha, amma ba kasafai ake samun su a kantar ƙaramin asibiti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace suna sha ba yankewa. Mu kuwa muna ganin yara da tabon wuta a hannu da fuska, an cire su daga makaranta, ana gudun yawunsu wai ana ɗauka, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta. Horar da ma'aikaci ya gano cuta, sannan a bar shi ba abin da zai bayar, ƙara masa baƙin ciki ne kawai. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya kuwa na iya tayar da jijjigar da ta fi ta da muni.

Akwai kuma abin da ba kuɗi yake ci ba sai kula, wato sirri. A ƙauye kowa ya san kowa. Ɗakin duba marasa lafiya a wurare da yawa labule ne kawai ya raba shi da masu jira. Wace mace ce za ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta ko kishiyarta, maƙwabciyarta na zaune tana ji? Wane uba ne zai yarda a san 'yarsa na shan maganin ƙwaƙwalwa, yana tsoron masu neman aurenta su janye? Dole horon ya ƙunshi riƙon amana, da yadda ake neman iznin maigida ba tare da an tona asirin matarsa ba, da yadda ake tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Da yawa cikinmu na tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar tuna wa mutum ne. Ba haka ba ne, tambayar ba ta jefa kowa cikin haɗari, ita ce ma ke buɗe ƙofar ceto. Amma sai an koya wa mutum, ya gwada a gaban malami, kafin bakinsa ya iya furta ta.

Ranka ya daɗe, ba za mu ɓoye maka ba, kafin a zo wurinmu an riga an je wurin malam, an yi ruƙiya, an sha rubutu, wasu sun biya ta wurin masu maganin gargajiya. Ba ma ganin malamanmu a matsayin abokan hamayya. Mutanenmu sun yarda da su, mu ma a gabansu muka yi karatu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Addu'a da ƙwaya ba sa karo. Wani bincike da aka yi a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, aka buga a 2020, ya nuna cewa da ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar masu taɓin hankali a wuraren masu maganin gargajiya da na addini, suna aiki tare, marasa lafiyar sun fi samun sauƙi. Duk mun tuna abin da aka gani a 2019 lokacin da aka bankaɗo gidajen mari a Rigasa da Daura. Rufe irin waɗannan gidaje daidai ne, amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rasa wurin zuwa ne. In ba a samar musu da wata ƙofa kusa da gida ba, marin zai koma cikin ɗakuna inda ba mai gani.

Da yawa daga cikin waɗanda ake kaiwa irin waɗannan gidaje kuwa matasa ne masu shaye-shaye. Binciken ƙasa na 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma tiramol da sholisho da wiwi suna nan. A karkara, saurayi kan fara shan tiramol ne don ya jure aikin fadama ko ƙwadago, kafin ya ankara ta kama shi. In uwarsa ta kawo shi, abin da yawancinmu muka iya shi ne nasiha da faɗa.

Haka nan bala'o'in da suka faɗa wa jiharmu. Ambaliyar 2022 ta raba dubban mutane da gidajensu da gonakinsu a wannan yanki namu. Gobarar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoban 2024, ta ci rayuka fiye da 150. An yi jinyar ƙuna, an raba kayan agaji, Allah ya saka da alheri. Amma uwar da ta rasa 'ya'ya a dare ɗaya, da matashin da har yau ke firgita in ya ji warin fetur, ƙaramin asibitin garinsu za su zo suna cewa kansu na ciwo. Su ma ma'aikatan da suka kwana suna ɗaukar gawarwaki mutane ne, suna buƙatar mai sauraronsu.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da muke roƙo.

A sauya salon bita. A riƙa horar da ma'aikatan asibiti gaba ɗayansu a inda suke aiki, kowa gwargwadon matsayinsa, tun daga mai gadi har shugaban asibitin. A yi da Hausa, da kalmomin da marasa lafiya ke faɗa, a riƙa kwaikwayon zama da mara lafiya har hannu ya faɗa, kuma a dawo a maimaita bayan 'yan watanni. Ba sai an game mazaɓu 287 a lokaci ɗaya ba. A zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya a kowace masarauta, Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, a yi shi da kyau, a ga inda ya yi tuntuɓe, sannan a faɗaɗa.

A kowane asibitin da aka horar, a ware mutum ɗaya da aka rage wa wani aikin domin ya riƙe rajista ya bi sawun marasa lafiya, kuma a tabbatar akwai mace a cikin masu wannan aiki. A bar waɗanda aka horar su zauna wuri ɗaya na wani lokaci kafin a yi musu canji.

A ajiye nas mai ƙwarewa a fannin ƙwaƙwalwa a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, a ba shi babur da kuɗin mai, ya riƙa zagayo mu duk wata, da lambar wayar da za mu kira in abu ya cije. Shi kuma a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa da zai riƙa bin rajista tare da shi, ko ta waya ce. Wannan shi ne roƙon da muka fi ba nauyi, domin duk horon da ba mai zuwa ya duba, mantuwa ake yi da shi. Kuma a wajabta wa duk asibitin da aka tura wa mara lafiya ya maido da amsa a rubuce.

A sanya magungunan da muka ambata, tare da na warware illarsu, cikin waɗanda ake kawo wa ƙananan asibitoci ba yankewa, da tsarin ƙidaya mai tsauri don kada su zurare kasuwa. A shigar da jinyar cikin abin da Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, da tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ke biya wa talaka. A ƙara tambayoyin damuwa a katin awon ciki da na bayan haihuwa, a kuma buɗe wa larurar ƙwaƙwalwa gurbi a rahoton da muke aikawa duk wata, domin a san yawan masu zuwa.

A duba karatun ɗalibanmu na kwalejin kimiyyar lafiya da ke Jahun da makarantar nas da ungozoma ta Birnin Kudu, ta yadda ɗalibin jinya da na ungozoma da na lafiyar al'umma za su koyi wannan aiki tare, su yi gwajinsa a asibitin ƙauye kafin su fito.

A ƙarshe, a nemi iyayenmu sarakuna su sa baki, a zauna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai a kowace gunduma, a yi yarjejeniya a fili: malam ya ci gaba da addu'arsa, ya turo mana wanda ya daina barci ko yake faɗuwa ko yake maganar mutuwa, kuma a daina ɗaure kowa. A shirye muke mu zo Dutse mu yi wannan bayani baki da baki, ko kuma, in ka ba mu dama, mu karɓi baƙuncinka a ɗaya daga cikin asibitocinmu ranar awo, ka zauna ka ji da kunnenka.

Allah ya ƙara wa Kwamishina lafiya, ya yi masa jagora.

Wassalamu alaikum.

Naka cikin biyayya,
Malamin asibiti daga ƙasar Haɗeja, a madadin ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara.